Ajin kwamfuta na 'yan mata da na kai ɗiyata da dogon hutu, ga abin da na gani

Assalamu alaikum. Tun da aka koma makaranta mata ke ta tambayata, wasu a gidan biki wasu ta WhatsApp, wai wurin nan da na kai ɗiyata koyon kwamfuta ya yake, ya ci kuɗinsa ko kuwa irin na kullum ne da za a amshi kuɗinka a miƙo ma yaro satifiket mai ado alhali ko kunna na'urar bai iya ba. To na gaji da amsa ma mutum ɗai-ɗai shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Ba zan faɗi sunan wurin ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi kuma ba ni son ya zama na taɓa ma wani sana'a, abin da zan ce kawai yana nan cikin garin Katsina, daga gidanmu wajen Ƙofar Marusa napep ɗaya ce ke kai ta. Ita ma yarinyar ba zan kira sunanta ba, ɗiyar fari ce kun san abin.

Abin da ya sa na fara neman wuri tun farko. Yarinyar nan ta gama aji 3 na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi da ake haɗa maza da mata, kuma duk zango sakamakonta na darasin kwamfuta mai kyau ne, har ina alfahari. Ran nan ƙanen babansu ya zo da laftof ɗinsa ya ce ta buɗe masa wani fayil, wallahi yarinyar nan ta tsaya tana kallon abin kamar an aje mata maciji, hannunta na rawa. Ita da ta iya zana kwamfuta a littafi ta sa ma kowane sashe suna, ta haddace ma'anar komai da Turanci. Da dare na zaunar da ita na ce wai mi ke faruwa ne, sai ta ce Mama ai ɗakin kwamfutar makarantarmu ba a cika buɗe shi ba, ranar da aka buɗe kuma maza ne ke rugawa su cika kujeru, mu sai mu tsaya baya muna leƙe, malam ya ce kowa ya duba na kusa da shi. Shekara 3 tana leƙe ta bayan kafaɗar wani. Ba wanda ya hana ta da baki, ba wanda ya ce mata ba su iyawa, kawai dai ba ta iya turereniya da samari sanye da hijabi, kuma ba wanda ya lura.

Ga JAMB na tafe. Tun 2015 jarabawar nan gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, WAEC ma ta fara gwada hakan da masu zana jarabawa na kashin kansu a 2024. Na san ɗiyar maƙwabciyarmu mai ƙoƙari sosai da ta shiga ɗakin JAMB ta ɓata lokaci mai yawa tana tsoron kar ta danna wani abu komai ya goge, duk da cewa da 'yan maɓallai kaɗan ake amsawa. Karatun tana da shi, saba hannu ne babu. Wannan ya tsaya mani a rai.

Babansu da farko bai so ba. Tambayarsa ɗaya ce, wa ke koyarwa, kuma su wa ke shiga wurin. Na ce to ka je da kanka ka gani. Ya je ya tarar ajin 'yan mata daban yake da na maza, lokaci ma daban, kuma mace ce ke koyar da su, wata matashiya da ta karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Ya dawo ya ce a biya. Ina faɗin wannan ne don masu buɗe irin waɗannan wuraren su ji, da yawan iyaye maza a garin nan ba ƙin ilimin suke ba, so suke su san hannun wa za su bar 'ya'yansu, in ka sa malama mace ka raba aji to ka gama rabin aikin shawo kansu.

Kuɗin naira 20,000 ne na sati 6, ban da na napep kullum wanda shi ma in aka tara ba ƙaramin abu ba ne tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ana shiga ƙarfe 9 a tashi 12, Litinin zuwa Alhamis. Wannan lokacin na yaba masu ƙwarai, don yarinya ta gama shara da wanke-wanken safe, ta dawo kafin azahar ta ci abinci ta huta ta wuce islamiyya da la'asar. Wani wurin da na fara dubawa ƙarfe 4 zuwa 6 suke yi, na ce wannan ai an riga an kori 'yan mata tun kafin su zo, wa zai bar islamiyya, wa kuma zai bar ɗiyarsa ta dawo gab da magariba.

Yanzu bari in zo kan ajin kansa don nan ne abin yake. Na roƙi Malama ta bar ni in zauna baya wasu ranaku, ta ce ba komai Hajiya, har kujera ta sa aka kawo mani.

Kwamfuta 12 ce yara 21, ke nan yawancinsu bibbiyu suke zama. Da na ga haka raina ya ɗan sosu na ce an koma gidan jiya, mai ƙarfin hali za ta riƙe mai kunya ta yi kallo. Ashe Malama na da dabara. Ɗaya sunanta direba, ita ke riƙe da linzami da kibod, ɗayar kuma mai nuna hanya, ita ke faɗin abin da za a yi amma ba ta taɓawa. Ta sa ƙararrawa a wayarta, duk minti 15 sai ta yi ƙara a canja kujera, ba roƙo ba jayayya. Kuma abin da ya fi burge ni, ita kanta Malama ba ta taɓa amsar linzami daga hannun yarinya. Na ga wata 'yar siririya da ta rikice har idonta ya kawo ruwa tana cewa Malama don Allah ki yi mani, Malama ta durƙusa gefenta ta sa hannuwanta biyu a baya ta ce a'a ƙanwata, hannunki ne zai yi, karanta mani abin da ke rubuce a jan layin nan. Sun kai minti 5 a haka. Da abin ya yi, yarinyar ta rufe baki da gefen hijabinta tana dariya, ni ma daga baya sai da na ji ƙwalla.

Sati 2 na farko da Scratch suka fara. Wata manhaja ce ta kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar tun 2007 don yara, ba a rubuta umarni da hannu, wasu tubala ne masu launi kake jawowa kana jerawa kamar gini, sai wata kyanwa da ke kan sikirin ta bi abin da ka jera. Kuma akwai wadda ake saukewa a yi aiki da ita ba intanet, wanda a wurinmu wannan babban abu ne. Ranar farko da tawa ta sa kyanwar ta taka ta juyo ta ce "Ina kwana Mama" sai da ta sa aka ɗauka a waya ta kawo mani gida, ta nuna ma babanta, ta nuna ma kakarta, har mai kawo mana ruwa sai da ya gani.

Bayani kuma da Hausa ake yi. Kalmomin Turancin ba a ɓoye masu ba don su za su tarar a jarabawa da kan na'ura, amma sai an fahimci abu da Hausa tukuna a laƙa masa sunansa. Maimaici ta ce masu kamar daka ne, ba ka cewa ɗaga taɓarya sauke taɓarya sau ɗari, cewa kake a yi ta daka har gero ya yi laushi, to haka za ki gaya ma kwamfuta, ki ba ta aikin ki ba ta sharaɗin tsayawa, in kika manta sharaɗin za ta yi ta daka har gobe. Wurin aje bayani kuma ta ce kwano ne da kika rubuta ma suna a jiki, yau ki zuba gishiri gobe ki juye ki zuba sukari, sunan kwanon bai canja ba. Ni da ban yi zurfi a boko ba wallahi na gane. Ta kuma nuna masu yadda ake samun ƙ da ɗ da ɓ, don kibod ɗin da ake sayarwa kasuwa ba shi da su, a waya kuma ta ce su sa Hausa a Gboard, wato kibod ɗin waya. Tun ranar ɗiyata ke gyara mani rubutu a sitatus ɗin atamfofina.

To ga inda na yi faɗa. Da aka shiga sati na 3 sai yarinyar ta dawo tana cewa za a fara koya masu haɗa katin biki da na suna a Canva da buga takarda a Word. Ba laifi ba ne, sana'a ce kuma ana samun kuɗi da ita. Amma da na tambayi ɗan ƙawata da ke ajin maza mi suke yi, sai ya ce su Python suka shiga, wato wani yare da ake rubuta ma kwamfuta umarni da shi. Kuɗi ɗaya muka biya. Washegari na je wurin mai wurin na ce Alhaji mi ya sa, ya ce ai Hajiya mun ga mata sun fi son kwalliya da zane, wancan kuma akwai lissafi da wahala kar su gudu. Ban ji yana faɗa da mugun nufi ba, har ga Allah yana ganin taimako yake yi, amma ai irin wannan taimakon ne ya bar ɗiyata tsaye bayan aji shekara 3. Wa ya tambaye su? Na ce masa in sun gwada sun kasa wannan daban, amma kar a yanke masu hukunci tun ba su taɓa ba. Ashe Malama ma ta daɗe tana wannan magana ba a saurare ta ba, sai da muka haɗu mu iyaye 4 muka sake komawa sannan aka canja su ma aka sa su Python, aka bar Canva ranar Alhamis kaɗai. Na yaba da ya saurara bai yi girman kai ba, amma da ban zauna bayan ajin nan ba, da ban yi tambaya ba, haka za a gama a ba su satifiket iri ɗaya da na maza alhali ba abu ɗaya aka koya masu ba.

Kuma ba wadda ta gudu. Ko ɗaya.

Aikin da tawa ta zaɓa na ƙarshe shi ne ɗan shiri da zai riƙa yi mani lissafin atamfa, in sa yawan turmi ya faɗa mani kuɗin, in mai saye ta ɗauki sama da 5 ya rage mata wani abu. Ina wurin ranar da ta fara gwadawa. Ta sa kuɗin turmi 9,000, kwamfuta ta tambaya turmi nawa ta rubuta 3, maimakon ta ga 27,000 sai sikirin gaba ɗaya ya cika da 3333333 layi bayan layi ba iyaka. Ta zabura ta ɗauke hannu tana cewa na ɓata, na ɓata masu kwamfuta. Malama ta zo ta duba ta ce ba abin da kika ɓata, ta kira sauran duka su zo su gani. Ta ce kwamfuta ba ta san 3 ɗin nan lamba ba ce, ta ɗauka rubutu ne kamar harafi, da kika ce ta ninka sau 9,000 sai ta rubuta maki shi sau 9,000, ta yi daidai abin da kika ce ne. Aka ƙara wata 'yar kalma int da ke maida rubutu lamba, sai ga 27,000 ta fito tsaf. Abin da na lura da shi, daga ranar yarinyar nan ta daina tsoron jan rubutun da ke nuna an yi kuskure in ya fito, sai ta matso da fuska ta karanta. A gida ma na ga canji, in abu ya ƙi sai ta ce bari in duba inda na yi kuskure maimakon ta aje ta tashi.

Malama kan ɗan tsakura masu tarihi in an kusa tashi. Ta ba su labarin Ada Lovelace 'yar Ingila da ta rubuta matakan lissafi don wata na'ura tun 1843 tun ba a ƙera kwamfuta ba, da Grace Hopper ta sojan ruwan Amurka. Amma wanda ya fi zama masu shi ne da ta kawo Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da tsarin 'yan taru, yadda take koyar da jajis, wato matan da ke jagorantar karatun, su kuma su shiga ƙauyuka su koyar da mata. Ta ce duk wadda ta iya abu a ajin nan bashi ne a kanta sai ta koya ma wata. Yanzu haka tawa na koya ma ƙannenta biyu da ɗiyar maƙwabta.

Sauran ƙorafina kuma ba zan ɓoye ba.

Wuta. Sola ɗinsu ba ta ɗaukar kwamfutocin duka in an yi hadari, ga shi lokacin damina ne, janareta kuma ba kullum ake samun mai ba. An yi kwana 4 cikin sati 6 da ba a kunna komai ba. Malama ba ta sallame su ba dai, ta mai da kanta mutum-mutumi ta ce su ba ta umarnin haɗa shayi ɗaya bayan ɗaya, suka ce zuba ruwa ta zuba a tebur don ba su ce a kofi ba, darasi ne mai kyau kuma sun ƙaru, amma kwana 4 da yawa ne ga wanda ya biya 20,000 don hannu ya taɓa na'ura.

Bayan gida guda ɗaya ne, kuma da masu shagunan ƙasa ake haɗawa, ƙofar ma sakatarta ba ta kamawa sosai. Duk uwa ta san abin da wannan ke nufi ga yarinya 'yar shekara 14 ko 15 a wasu ranaku na wata. Na lura akwai waɗanda kan ɓace kwana 2 ko 3 su dawo, ba wanda ya tambayi dalili, ni kuwa na sani. Na gaya ma Alhaji a gyara sakata a ware masu nasu da buta da ruwa, ya ce in sha Allahu, har aka gama sakatar kawai aka gyara.

Sai bene. Ajin a sama yake, matakala ƙunci. Akwai wata yarinya mai shan inna da yayanta ke kawowa, kullum sai ya goya ta ya hau da ita gaban mutane, budurwa ce fa ba jaririya ba, kana ganin fuskarta ka san ba ta so. Kuma cikin ajin kaf ba wadda ta kai ta saurin ganewa. Akwai ɗaki a ƙasa da suke aje kaya, sai sati na 4 aka kwashe aka sauko da ajin. Abin da za a yi tun ranar farko ne.

Wani abin kuma ba laifinsu ba ne su kaɗai amma dole in faɗa. In ka duba ajin, yawanci 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwa irina. Gurbin kyauta 3 kawai suka ware. Ɗaya daga ciki wata yarinya ce da iyayenta suka baro wajen Batsari saboda rashin tsaro suna zaune gidan 'yan uwa a nan, ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar, da yatsa ɗaya ta fara tana neman kowane harafi, kafin a gama ita ke nuna ma abokiyar zamanta hanya. Irinta nawa ne cikin garin nan? Balle na Batagarawa da Rimi da Kaita da kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana su. Fom ɗin shiga ma da Turanci yake kuma wai sai an sa imel na uba ko uwa, na ga wata dattijuwa ta juya za ta tafi da jikarta saboda wannan layin sai da na ce ta kawo in cike mata. Na san Katsina na cikin jihohin farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya don karatun 'yan mata, kuma koyar da amfani da na'ura na cikinsa, ga kuma 3MTT, shirin koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 don matasa. Fatana irin wannan koyarwar ta Malama, ta sa hannu da canja kujera da bayani da Hausa, ita ce za ta shiga makarantun gwamnati inda yawancin 'ya'yanmu suke, don aji mai kuɗi na hutu ba zai taɓa ɗaukar su duka ba.

In maki 10 ne zan ba su 7, kuma 6 daga ciki na Malama ne. Wadda za ta kai ɗiyarta ta tambaya tun kafin ta biya, shin abin da ake koya ma maza shi za a koya ma mata, yara nawa ne kan kwamfuta ɗaya, kuma ta leƙa bayan gidan da idonta.

Ranar rufewa an gayyaci iyaye. Babansu da ya ce minti 10 kawai zai yi don yana da kasuwa, sai da ya zauna har ƙarshe. Yarinyar ta tsaya gaban mutane ta ce Baba faɗi turmi nawa kake so, ya ce 7, ta buga, kuɗi ya fito har da ragi, ya ciro waya ya lissafa da kansa ya ga daidai ne, bai ce komai ba sai gyaɗa kai yake yana murmushi.

Damuwata yanzu ba mu da kwamfuta a gida, kuma abin da ba a taɓawa mantuwa yake. Malama ta sa mata Pydroid, manhajar rubuta Python, a wayata, tana ɗan yi bayan isha'i in na gama amsa masu saye, amma rubutu a ƙaramin sikirin akwai wahala kuma wayar ta sana'a ce. Mun roƙi Alhaji ya buɗe masu ajin Asabar da safe a rage kuɗi, ya ce in an samu yara 10 zai buɗe kuma a ɗakin ƙasa. Zuwa jiya mu 7 ne muka rubuta suna, har da yayan yarinyar nan mai shan inna, shi ya fara sa hannu.